Itacen Anti Sanna a Bayan Karaban

Saura kaɗan in bar wannan labarin a cikina. Anti Sanna tana nan da ranta, ƙofar gidanta na kallon tamu, kuma ni ba mai son a ji bakina ba ce. Da na gwada rubuta shi da sunana sai hannuna ya ƙi tafiya, shi ya sa zan ba da shi kamar na wata.

Sunanta Lizel, shekarunta ashirin da huɗu, a Rehoboth take zaune da mahaifinta, Baba Gawie. A watan Maris ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ya ɗan karkace, amma harshen nan bai rage komai ba. Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi a gado, kamar yadda ta yi wa mamanta tun tana aji biyar har ranar da aka binne ta. Duk unguwa an san Lizel da abu ɗaya: ba ta cewa a'a.

A bayan gida karaban ɗinsu yake, ɗan farin ɗaki mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota, jikinsa na faiba, wata irin roba mai tauri, zagaye kamar ƙwai. Shekara ashirin da shida Baba Gawie yana jansa duk Disamba zuwa wani sansani a bakin teku, arewa da Swakopmund, ya ajiye shi a fili mai lamba ashirin da uku. Dokar sansanin ba ta canzawa. Wanda ƙarfe sha biyun ranar sha shida ga wata ta yi bai ajiye karaban a filinsa ba, sai a ba na gaba a layi, kuma wanda ya samu ya samu ke nan har shekaru masu zuwa. Filin nasu shi kaɗai ke da daɓen siminti daga ƙofa zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa inda ake hango ruwa. A da ba wanda ya damu da daɓen. Bana da keken guragu ya shigo gidan, daɓen nan shi ne komai. Duwatsun da mamanta ta shafa wa farin fenti ta jera a gefen filin ma suna can.

Bana Lizel ce za ta ja. Ba ta taɓa ja ba.

Kwana uku ta yi tana shiga ƙarƙashin karaban tana fitowa, Baba na zaune a inuwa da sanda a hannun hagu.

"Ba haka ake sa giris ba," ya ce. "Man shafawa kike yi masa? Danna shi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen."

"Na danna, Baba."

"Kin dai shafa. Ƙarfen cikin tayar nan, boris, shekara guda yana zaune. Idan ya ci wuta a hanya, taya za ta riga mu ganin teku."

Ta sake cirewa ta danna. Ta hau saman ɗakin ta kankare tsohon gam a gefen tagar rufi ta sa sabo, rana na dukan ƙeyarta. Ta gwada fitilu, ta sa iska a tayoyi. Tsakanin wannan da wancan ta sauko ta kai shi banɗaki, ta ba shi magani, ta ɗora tukunya.

Jajiberin tafiya aka yi lodi. A ƙasan karaban akwai layin jan fenti da Baba ya ja tun tana yarinya, daidai saitin tayoyi. Duk abu mai nauyi a kan layin yake zama: tukunyar ƙarfe, gwangwanaye, jarkar ruwa. Baya, ƙarƙashin gado, barguna ne kawai da tawul. Da aka gama ya sa ta ɗauko sikelin banɗaki, ta kafa guntun katako a kai, ta sauke hancin karaban a kansa, wato ƙarfen gaba da ke kama mota.

"Nawa?"

"Tamanin da biyu."

"Mayar da jarka baya taku ɗaya."

Ta shiga ta mayar, ta fito ta tsuguna. "Saba'in da biyar."

"Yauwa. Saba'in da biyar. Idan hanci ya yi sauƙi, wutsiya ce za ta tuƙa ki. Kulle. Daga yanzu ko cokali kar a ƙara."

Da sassafe ta ɗaga shi ta sa a gaban a-kori-kura, ta gyara masa filo. Maganin safe yakan sa shi gyangyaɗi, kafin ta gama ɗaure keken a bayan mota har kansa ya langaɓe. Tana cikin duba sarƙa ta ji ƙarar baro.

Anti Sanna ce, da rigar barci da hula, tana turo baro har da haki.

"'Yata, ai na ce ba za ku tafi ba mu yi sallama ba. Ɗan saƙo ne na Dawid ɗina, tunda can bakin tekun yake. Kin san itacen da suke sayarwa a can, kamar kwali, ko nama ba ya gasawa."

Ɗan saƙon buhu huɗu ne na itacen ƙaya, da akwatin ƙarfe na kayan aikin gini da ɗanta Dawid ya bari, da kula mai rabin tunkiya a cikin ƙanƙara. Sau uku ta koma gida da baron.

"Anti," Lizel ta ce a hankali, "Baba ya riga ya auna."

"Gawie da aune-aune. Ko shayi sai ya auna. Lokacin da yake da lafiya ai a bayan mota yake jefa mini su, ko magana ba ya yi." Ta leƙa bayan motar, ta ga keke, da kujerar banɗaki, da katifarsa ta asibiti, da sandunan kamun kifi. "Ayya, bana keke ya cinye wurin. Ba komai. Akwai wuri ƙarƙashin gado can baya, na sani, ni na ɗinka labulen ɗakin nan."

Lizel ta dubi mahaifinta yana barci. Ta tuna sati ukun da ya yi a asibitin Windhoek, Anti Sanna ce ke karɓarta zaman jinya duk bayan kwana biyu, ta zo da miya a kwano. Ta nemi a'a a bakinta ba ta samu ba. Ta ciro makulli. Su biyu suka fitar da barguna suka cusa itace da akwati da kula can ƙarshen baya, suka mayar da barguna a kai.

"Kin ga? Kamar don su aka yi wurin," in ji Anti Sanna. "Ki gaishe mini da teku."

Har suka wuce Windhoek ba abin da ya faru, don Lizel ba ta wuce sittin ba, motoci na ta yi mata oda. Bayan Okahandja hanya ta miƙe, ta ɗan ƙara mai. Sai ta ga farin ɗakin a madubi yana ɗan kaɗa kai, hagu, dama, kamar tsohuwa a coci.

Baba ya farka tuni. "Me ya sa yake rawa?"

"Iska ce, Baba."

Ya juya ya dubi ciyawar gefen hanya. Ko ɗaya ba ta motsi. Ya dubi 'yarsa. Ta rage gudu, rawar ta lafa.

A Karibib ya ce yana jin fitsari. Ta kwance keke, ta sauke, ta ɗaga shi, ta kai shi, ta dawo da shi, ta sake ɗaurewa. Bayanta kamar an sa masa wuta. Ta sayi burodi da dafaffen ƙwai, ita ba ta ci ba. Sau biyu ta buɗe baki za ta faɗa masa zancen itacen, sau biyu ta rufe.

Wajen ƙarfe biyu suka fara gangaren Usakos. Motar ta soma ja da kanta, allura ta hau tamanin ba ta lura ba. Wata doguwar tirela ta fito daga baya ta wuce su, iskarta ta bugi karaban. Ya yi hagu. Ya yi dama, ya fi na farko. Ya sake yin hagu, wannan karon har ya fizgi bayan motar. A madubi ta ga gefensa gaba ɗaya, da taga da labulen Anti Sanna.

"Kar ki taka birki," in ji Baba. Muryarsa ba ta tashi ba. "Cire ƙafa daga totur. Riƙe sitiyari a miƙe. Kar ki bi shi, bar shi ya yi haukarsa."

Ƙafarta na saman birki, ba ta taka ba. Ta riƙe. Karaban ya sake yin dama, ya dawo hagu da ƙarfi, suka ji ƙara, gwaram, kamar an fasa bokiti. Daga nan gangaren ya ƙare, gudu ya ragu, rawar ta yi ta raguwa har ta mutu. Ta gangara gefe ta kashe mota. Hannayenta sun ƙi sakin sitiyari.

"Je ki dubo," ya ce.

Kusurwar baya ta hagu ce ta daki wani gajeren turken siminti na gefen hanya. Faiban ya tsage daga ƙasa zuwa sama, tsawon kamu biyu, har ana hango cikin buhu. Murfin fitilar baya ya fashe. Ta dawo ta tsaya a tagarsa.

"Ya tsage."

"Me kika sa a baya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Itacen Sanna," ya ce. "Buhu nawa?"

"Huɗu. Da akwatin Dawid. Da nama."

Ta jira faɗa. Bai yi ba. Ya rufe ido kawai, ya ce, "Kai mu cikin gari. Talatin, ba ƙari."

A bakin garin akwai wata mata mai sayar da abinci, Mama Hilde, tana da fili a bayan shagonta da bishiya da famfo. Ta dubi tsohon, ta dubi tsagar, ta buɗe musu ƙyaure ba ta tambayi komai ba.

"Ba za mu iya tafiya haka ba, mu gyara a can?" Lizel ta tambaya bayan ta zaunar da shi a inuwa.

"Iska za ta shiga ramin nan ta yage shi har taga. Kafin mu kai, rabin ɗaki za ki ja. Kuma ga shingen 'yan sanda, da fitila a fashe. A nan za a gyara, ya kwana ya bushe. Daga nan awa uku ne. Gobe ne sha shida, idan muka tashi bakwai, mun kai kafin sha biyu."

Don ta samu tsagar ta ciki, sai da ta fitar da kayan Anti Sanna duka ta tara a gindin bishiya. Mama Hilde ta ɗauki kular ta ce bari ta sa naman a firiza kafin ya soma magana.

Akwatin gyara na ƙarƙashin kujera, inda yake tun fil azal. Baba ya sa ta huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, don kar ta ci gaba da gudu. Ta kwanta rub-da-ciki a inda gado yake, ta goge gefen tsagar da samfefa, yatsa uku kowane ɓangare, farar ƙura na sauka mata a wuya da hannu. Ta yanka ƙyallen faiba gida uku, kowane ya fi na bayansa faɗi. Ta zuba ruwan gam a gwangwani.

"Ɗigo nawa na maganin daskarewa?"

"Goma."

Ta ɗiga, ta ga kamar bai isa ba, tana son a gama, ta ƙara. Kafin ta jiƙa ƙyalle na farko gwangwanin ya ɗau zafi a hannunta, ya fara hayaƙi, burushin ya tsaya a ciki tsaye kamar an dasa.

"Goma na ce ko talatin?" Baba ya ce daga waje. "A zafin Usakos ma shida ya isa. Kin dafa shi. Kawo wa Hilde ta sayar a matsayin alewa."

Mama Hilde ta yi dariya daga bakin ƙofa. "Malam, 'yar nan tun ɗazu ko ruwa ba ta sha ba, kai kana zaune kana ba da oda kamar mai gona."

"Da ni ne mai gona da na kore ta tun safe."

"Ka kore ta mana, mu ga wanda zai ɗaga ka."

Lizel ta fito ta zauna a matakala, ta sha ruwan da aka miƙo mata. Gam ɗin da ya rage na zubi ɗaya ne kacal. Suka jira rana ta sauka. Da inuwa ta yi tsawo ta sake shiga, ta ɗiga shida tana ƙirgawa a fili, ta shimfiɗa ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, tana danna shi da tsohon burushin haƙori har ya zama garau, ba fari ko kumfa. Ta fito ta canza ƙwan fitila, ta liƙe murfin da salatif. Hannayenta har kafaɗa suna ƙaiƙayi kamar ta yi birgima a ƙaiƙayin gero.

"Da ruwan sanyi za ki wanke," in ji Baba. "Na zafi zai tura shi ciki. Kuma kar ki sosa."

Ta wanke a famfo, ta dawo ta tsaya a gaban tarin kayan.

"Idan na jera su a kan jan layi fa?"

"Tayoyi biyu ne, 'yar nan, ba tirela ba ce. Kayan nan sun haura kilo ɗari da hamsin. Ko a ina kika sa su, ba za su kai mu ba. Kira Sanna ki ce Dawid ya zo nan ya ɗauka. Yana da mota."

"Baba, kai ka kira ta."

"Ni na karɓa?"

Ta ɗauki waya ta koma bayan bishiya. Anti Sanna ta ɗauka tun ƙara ta farko.

"'Yata, kun isa? Yanzu na gama waya da Dawid, ya gayyaci abokan aikinsa gashi gobe da yamma, ya ce itacen gida na zuwa. Akwatin kuma Litinin yake buƙatarsa, ya samu aiki. Allah ya yi miki albarka, ban da ke ban san yadda zan yi ba. Ya jikin Gawie?"

"Da sauƙi, Anti. Muna Usakos, za mu kwana."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Ta kashe. Da ta dawo Baba na kallon tsaunuka. Ya ji komai, wurin ba shi da girma.

"To," ya ce. "Akwai hanya ɗaya. Sauke keke da kujerar banɗaki da katifa, ki bar wa Hilde ajiya. Kayan Sanna su hau bayan mota, kamar kowace shekara. Fili dai mu samu."

"Kai fa, da me za ka fita?"

"In kwanta a ciki. Akwai taga."

Ta dube shi ko zolaya yake. Ba zolaya ba ce. Hannunsa mai rai na riƙe da marar rai a kan cinya, kuma a karon farko tun Maris ta ga cewa shi ma ya gaji. Sati uku a cikin ƙwai, yana jin teku ba ya ganinsa, ita tana ɗaukarsa a kafaɗa zuwa banɗaki. Ta shimfiɗa masa a gadon gaba, ta ba shi magani, ta juya shi zuwa ɓarin hagu.

Gari na wayewa ta tashi. Ta danna gyaran da babban yatsa, ta ƙwanƙwasa shi da sifana. Ya yi tauri kamar ƙashi, sai dai ya fito ruwan kasa a jikin fari, ba kyan gani. Ta mayar da barguna ƙarƙashin gado. Ta ja buhunan itace ɗaya-ɗaya zuwa rumfar Mama Hilde, ta tura akwatin ƙarfen da ƙafa har ya shiga. Naman kaɗai ta karɓo daga firiza ta ajiye a kan jan layi. Keken ta bar shi inda yake, Baba na zaune a kai da kofin shayi, yana kallonta.

Ta kafa katako a kan sikeli ta sauke hanci. Saba'in da takwas. Ta shiga ta matsar da jarka rabin taku. Saba'in da biyar.

Sannan ta ɗauki waya, ba ta koma bayan bishiya ba.

"Anti, ina kwana. Itace da akwati suna Usakos wurin Mama Hilde mai abinci, a bakin gari. Jiya sun kusa kifar da mu, ba zan iya ɗauka ba. Dawid ya zo ya ɗauka, naman zan kai masa."

Sannan Anti Sanna ta fara: yanzu Dawid ne zai ƙona mai har Usakos, da ta sani da ta ba wani, ita da ta ɗauke su kamar jininta. Lizel ta riƙe wayar a kunne, kunnen ya yi zafi, tana kallon ƙasa. Da aka ɗan tsagaita ta ce, "Ki yi haƙuri, Anti. Ba zan iya ba. Sai mun dawo." Ta kashe.

"Me ta ce?" Baba ya tambaya.

"Tana gaishe ka."

"Ƙarya kike." Ya miƙa mata kofin. "Ɗaga ni, bakwai ta wuce."

Hanyar hamada miƙe take, karaban ya bi bayansu shiru kamar ɗan akuya. Sha ɗaya da kwata suka shiga sansanin, hazo ya rufe teku. Wani mutum, na gaba a layi, na tsaye da iyalinsa da karaban ɗinsu a bakin ofis, yana duba agogo. Da ya ga inda suka nufa ya shiga motarsa.

Sau biyar ta yi baya kafin ɗakin ya shiga tsakanin fararen duwatsun, Baba na cewa hagu idan yana nufin dama. Ta sa duwatsu a tayoyi, ta sauke ƙafafun ƙarfe huɗu, ta kwance keke. Ta tura shi a kan daɓen har ƙarshensa, ta ja birkin keken, ta rufa masa bargo a ƙafa. Ba abin da ake gani sai hazo, amma ana jin ruwa.

Ta koma ta zauna a matakalar karaban da niyyar cire takalmi. Ɗaya kawai ta cire.